Daga Gimbana Zuwa Kware: Ɓallewa da Bauta a Tushen Yaƙin Basasa na Ƙasar Sakkwato

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, ta Tambuwal zai ratsa. A damansa, can arewa kaɗan, Gwandu take. A hagunsa kuwa ƙasar Kebbe ce ta miƙe har ta tarar da gulbin Zamfara. Wanda ya bi wannan hanya a mota ba zai ga kome ba sai gonakin gero da dawa da garuruwa. Amma a wannan yanki ne, a wani gari mai suna Gimbana da ke kusa da inda Jega take a yau, aka yi abin da ya kunna wutar yaƙin da ya sauya ƙasar Hausa baki ɗaya.

Idan aka ambaci yaƙin basasa a kan ɓallewa, hankalin ɗan Nijeriya yakan tafi ga Biyafara, wadda Ojukwu ya yi shelar kafawa ran 30 ga Mayu 1967. Idan kuma aka haɗa da maganar bayi, sai ɗalibin tarihi ya tuna da Amurka ta 1861. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa waɗannan tambayoyi biyu, watau ko jama'a tana da ikon janye jiki daga sarkinta, da kuma wane ne ya halatta a kama a sayar, an yi su a nan gida tun kafin Amurkawa su yi nasu, an kuwa amsa su da bakin takobi har sau biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, mutum guda ne ya tsaya a tsakiyar rikicin a dukan lokutan biyu, shi ne Malam Abdussalami.

Wa ya halatta a bautar?

Kafin a shiga labarin ya kamata a gane yadda malaman wancan zamani suka ɗauki bauta, domin in ba a gane wannan ba, sauran maganar za ta zama kamar an shiga kasuwa bayan ta watse. Babu malamin da ya tashi a ƙasar Hausa a ƙarni na 18 ya ce a soke bauta ɗungum. Abin da ake jayayya a kansa shi ne iyakarta. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantarwa a zaurukan ƙasar nan, asalin ɗan Adam 'yanci ne, kuma dalilin bautar da mutum shi ne a kama shi a yaƙi yana kafiri wanda ba shi da amana da Musulmi. Launin fata ko ƙabila ba su shiga ciki ba. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya bayyana haka ƙarara a littafinsa Mi'irajus Su'udi a 1615, sa'ad da aka aiko masa da tambaya daga Tuwat game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya lissafa Barno da Kano da Katsina cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, ba ya halatta a mallake su.

To, amma abin da ke cikin littafi daban, abin da ke faruwa a fagen yaƙi daban. Sarakunan Hausa na yaƙar juna, Gobir da Katsina, Gobir da Zamfara, Gobir da Kabi, kuma duk wanda aka kama a hari ba a tsayawa a tambaye shi ko ya iya Fatiha. Bawa kuɗi ne a wancan lokaci: da shi ake sayen doki da sulke daga fataken arewa, da shi ake biyan gaisuwa, shi ne kuma ke noma rinjin sarki. Saboda haka malamin da ya hau mumbari ya ce haramun ne a sayar da ɗa Musulmi, taskar sarki ya taɓa, ko ya nufa ko bai nufa ba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya tashi a Degel cikin ƙasar Gobir, ya sami sauƙi a hannun Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. A haɗuwarsu ta Magami, wajen 1788, Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan sarƙa, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Wannan sassauci shi ya ba Jama'a damar yawaita, har ta zama kamar wata ƙasa a cikin ƙasa, mai limamanta da alƙalanta, wadda mutanenta ba su cika kai ƙara fada ba. Sarakunan da suka biyo baya sun ga haɗarin abin. Sarki Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu kada wanda ya ƙara yin wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma ga abin da ya tarar da iyayensa suna yi, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Wanda ya karanta wannan doka tare da hukuncin bauta da aka ambata a sama zai ga inda ta dosa: mutumin da aka tilasta wa komawa addinin kakanninsa ya fita daga kariyar da ke hana a sayar da shi.

Gimbana

Malam Abdussalami Ba'are ne, watau Bahaushen Arewa, yana kuwa cikin manyan almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba. Yana da jama'arsa ta kansa, mafi yawansu Hausawa. Sa'ad da matsi ya yi yawa a zamanin Nafata, sai ya kwashe mutanensa ya bar Gobir, ya gangaro kudu maso yamma ya zauna a Gimbana cikin ƙasar Kabi. Bai ɗauki makami ba, bai naɗa kansa sarki ba; tashi kawai ya yi. Amma a siyasar wancan zamani tashi ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasa tana da yawa, mutane ne ba su da yawa, arzikin sarki kuwa yawan talakawansa ne. Malamin da ya tafi da ɗaruruwan magidanta ya tafi da haraji da mayaƙa, ya kuma nuna wa saura hanya. A idon fadar Alkalawa wannan tawaye ne, ko da ba a harba kibiya ba.

Da Yunfa ya hau gadon Gobir wajen 1802, ya aika wa Abdussalami ya komo. Abdussalami ya ƙi. A watan azumi na shekarar 1218 ta Hijira, watau ƙarshen 1803, rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, aka kashe mutane da dama har da malamai, aka kwashe dukiya, aka ɗaure maza da mata da yara aka nufi Alkalawa da su a matsayin bayi. Shi Abdussalami ya tsira. Ayarin ya biyo ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka ga 'yan uwansu na karatu a cikin igiya, suka fita suka tare hanya suka kwance su.

A nan ne ya kamata a dakata, domin wannan ɗan lokaci shi ne mahaɗar al'amarin duka. Ga Yunfa, abin da aka yi fashi ne a kan rundunar sarki, a cikin ƙasar sarki, aka ƙwace ganimar da doka ta ba shi. Sarkin da ya haɗiye irin wannan ya gama sarauta. Ga mutanen Degel kuwa, waɗanda ke cikin igiyar 'ya'ya ne Musulmi, kwance su wajibi ne, kuma sarkin da ya halatta bautar da su ya fitar da kansa daga cikin sarakunan Musulunci. Kowane ɓangare yana da dokar da yake tsaye a kanta, kuma babu wata majalisa ko alƙali da dukansu suka yarda da shi wanda zai raba gardama. Irin wannan hali shi ke haifar da basasa a ko'ina.

Yunfa ya aika wa Shehu ya fita daga Degel shi da iyalinsa kawai, ya bar Jama'a, don ya sami damar hukunta su. Shehu ya amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar wa sarki ƙasarsa. Ran 21 ga Fabrairu 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, can bakin iyakar Gobir ta yamma. Mutane suka yi ta kwarara suna bin sa, sarki ya sa dawaki su tare hanyoyi suna ƙwace kayan masu tafiya. A Gudu Jama'a ta yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Daga ranar nan an sami shugabanni biyu a ƙasa ɗaya, kowanne yana ganin ɗayan ba shi da halaccin mulki. Ran 21 ga Yuni 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto, rundunar Gobir ta watse.

A takardar da aka sani da Wasiƙar Ahlus Sudan, wadda ta zama kamar shelar jihadin, Shehu ya jera hukunce-hukuncen da Jama'a ta tsaya a kansu. Cikinsu akwai wajabcin hijira daga ƙasar da sarkinta ba ya bin shari'a, da haramcin bautar da 'ya'ya Musulmi, ko suna zaune a ƙasar Musulunci ko a ƙasar yaƙi. Watau ɓallewa da bauta suna nan rubuce a cikin takardar farko, ba masu tarihi na baya ne suka liƙa su ba.

Ba daidai ba ne a ce Gimbana kaɗai ce sanadin jihadi. Akwai jangali da ya dami Fulani makiyaya, akwai harajin kasuwa da ƙwace da suka dami talakawa, akwai tsohuwar gaba tsakanin Gobir da Zamfara, akwai kuma shekara talatin na wa'azi da rubuce-rubuce. Itacen ya daɗe da bushewa. Gimbana ita ce garwashin da ya faɗa a kansa.

Abin da ya faru a Amurka

Kwatanci da Amurka zai taimaka wajen ganin inda lamarin nan ya yi kama da na wasu, da inda ya saɓa. A ƙidayar 1860 bayin Amurka sun kusa miliyan 4, kusan dukansu a jihohin kudu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ɓata tsakanin kudu da arewa shi ne bayi masu gudu. Dokar 1850 ta tilasta wa mutanen arewa su taimaka a kama bawan da ya tsere a mayar wa ubangijinsa, amma a garuruwa da dama jama'a sukan taru su ƙwace wanda aka kama daga hannun jami'ai, kamar dai yadda aka yi a bakin Degel. Da aka zaɓi Abraham Lincoln a Nuwamba 1860, jihar Karolina ta Kudu ta ɓalle ran 20 ga Disamba, wasu suka bi ta har suka kai 11. Ran 12 ga Afrilu 1861 dakarun kudu suka buɗe wa sansanin Sumter wuta, yaƙi ya tashi, bai ƙare ba sai 1865, shekarar da aka gyara tsarin mulki aka soke bauta.

Bambancin kuwa babba ne. A Amurka masu bayi ne suka ɓalle don su tsare bauta. A Gobir waɗanda ake bautarwa ne suka ɓalle don su tsira. Har ila yau yaƙin Amurka ya ƙare da soke bauta, na ƙasar Hausa kuwa ya sake shata iyakarta ne kurum. Daular da aka kafa ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙasashen bayi na duniya a ƙarni na 19. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun kiyasta bayinta tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi a wajen 1900. Don haka mai son ya kira jihadin yaƙin 'yanta bayi sai ya yi hattara da bakinsa. Yaƙi ne na hana bautar da Musulmi, kuma da zarar an tsaya a nan, sai wata tambaya mai wuya ta taso: wa ke da ikon cewa wane Musulmi ne, wane ba Musulmi ba?

Tambayar ba ta jima ba ta dami shugabannin kansu. Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno, a wasiƙun da Muhammadu Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri, ya zargi masu jihadi da kashe Musulmi da bautar da 'ya'yansu bisa hujjar da ba ta kai ta kafirta mutum ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, wanda ya jagoranci yaƙin Tabkin Kwatto, ransa ya ɓaci da halin wasu mayaƙa har ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi. Cikin abin da ya koka a kansa a Tazyinul Waraƙati akwai son mulki da tara ƙwaraƙwarai da sayar da 'ya'ya a kasuwa. Wannan shaida daga cikin gida ta fito, shi ya sa ta fi ta abokan gaba nauyi.

Kware

Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Alkalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Yunfa, Bello ya gina Sakkwato a 1809. Wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa: gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi a Gwandu, arewa kuma ga Aliyu Jeɗo, sarkin yaƙi. Abdussalami, wanda a kan mutanensa aka fara zub da jini, ya sami 'yan garuruwa ne a yankin Sabiyal ƙarƙashin Gwandu. Ya ga rabon bai yi daidai da wahalarsa ba, ya fara faɗaɗa ikonsa, aka kai ƙararsa, Shehu ya kira shi ya zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan, inda idon Bello zai riƙa kai wa gare shi. A can ma jama'a suka yi ta taruwa wurinsa, ya kewaye garin da ganuwa.

Shehu ya rasu a Afrilu 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Nan da nan ƙasashe da dama suka yi tawaye, musamman Zamfara. Abdussalami ya yi jinkirin zuwa, daga baya ya zo Sakkwato ya yi mubaya'a, amma zuciya ba ta kwanta ba. Abin da ya gudana tsakaninsu Bello ya tattara shi a littafinsa Sardul Kalami, har da wasiƙun Abdussalami kansa. Wajibi ne mai karatu ya tuna cewa wanda ya ci yaƙin shi ya rubuta labarin. Duk da haka Bello ya cancanci yabo da bai ɓoye hujjojin abokin gabarsa ba.

Ƙorafin Abdussalami kashi biyu ne. Na farko zalunci: ya ce masu iko suna cin dukiyar talakawa da ta 'yan amana, watau waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar daula, kuma ba a bin shari'ar da aka yi yaƙi dominta. Na biyu rabo: a ɗaya daga cikin wasiƙun har zane ya yi, ya nuna yadda aka kasa ƙasa tsakanin dangin Shehu da manyan Fulani, gabas da yamma da kudu da arewa, ya tambayi inda nasa kason yake. Masu son rage darajarsa sukan riƙe na biyun su ce kwaɗayin sarauta ne kawai. Amma abu biyun ba sa rabuwa. Mutumin da ba shi da ƙasa ba shi da ikon kare waɗanda suka fake da shi, kuma Kware ta riga ta zama mafakar masu gudu daga hannun hakimai, kamar yadda Gimbana da Degel suka kasance a zamanin Gobir.

Bello kuwa ya zarge shi da buɗe ƙofa ga abokan gaba, da yin ciniki da su, da ƙulla zumunci da masu tawaye a lokacin da daular take tsakanin rai da mutuwa. A nan fiƙihu ya sake shigowa, kuma a kansa ne makomar dubban mutane ta rataya. Idan Abdussalami ɗan tawaye ne kurum, watau Musulmin da ya fita daga ɗa'ar shugaba bisa wani tawili, to ana yaƙarsa har ya komo, amma ba a bautar da iyalinsa, ba a raba dukiyarsa ganima. Idan kuwa taimakon kafirai a kan Musulmi ya fitar da shi daga addini, hukuncin ya sauya. Ko a nan ma malamai sun saɓa: Wasiƙar Shehu ta ce mashahurin zance shi ne ba a bautar da waɗanda suka yi ridda, sai dai ba a ɗora wa wanda ya bi masu halattawa laifi ba. Malam Abdullahi ya riga ya bayyana a Liya'us Sulɗani cewa jiɓintar kafirai saboda abin duniya saɓo ne, bai kai kafirci ba, Shehu kuma ya mayar masa da amsa a Najmul Ikhwani. Bello ya bi ra'ayin da ya fi tsanani. Da wannan hujja aka yaƙi Yunfa da sauran sarakunan Hausa. Yanzu ga ta an juyo da ita kan mutumin Gimbana.

An shafe watanni ana kai wa juna hari a ƙarshen 1817, har Kware ta yi ƙarfin da ta tsorata Sakkwato. Bello ya tara mataimaka, a farkon 1818 aka ci garin. An harbi Abdussalami da kibiya, ya gudu zuwa Bakura cikin Zamfara, a can ya cika. Aka kwashi ganima da kamammu daga Kware. Shekara 14 ke nan cif bayan an kwance mutanensa daga igiyar Gobirawa a bakin Degel.

Ba abu ne mai sauƙi ba a yanke wa Bello hukunci. Da ya bar Kware ta tsaya da ƙafarta, tafiyar 'yan sa'o'i daga Sakkwato, alhali Gobir da Zamfara da Kabi suna jiran ƙofa, da wuya daular ta kai shekara biyar. Lincoln ma da irin wannan dalili ya ƙi barin kudu ta tafi. Amma mai adalci ba zai kasa lura ba cewa hujjar Bello a 1817 ta yi kama ƙwarai da ta Yunfa a 1803, watau talaka ba ya tashi ya kafa tasa hukuma a gefen sarki, ya kuma riƙa karɓar masu gudu. Abin da ya bambanta su a idon malaman Sakkwato shi ne, Yunfa azzalumin sarki ne da hijira daga gare shi ta wajaba, Bello kuwa halifa ne da aka yi wa mubaya'a. Abdussalami bai musa ƙa'idar ba. Abin da ya musa shi ne cewa ana aiki da ita.

Tambuwal a bakin daga

Sauran mutanen Abdussalami sun komo yankinsu na da, suka taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, suka ci gaba da tawaye. Malam Abdullahi ya kasa cin garin shi kaɗai, alhali tun rasuwar Shehu akwai 'yar tsama tsakaninsa da Bello a kan gadon mulki. Wajen 1820 Bello ya taho da runduna ya taimake shi, aka ci Kalambaina. A nan ne, bisa labarin da ya shahara, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Sulhun gidan Shehu a kan kangon Gimbanawa aka ƙulla shi.

Bayan wannan Malam Abdullahi ya koma ga karantarwa da rubutu, ya bar yawancin harkokin yaƙi da mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Wannan Buhari shi ne aka danƙa wa yankin Tambuwal, zuriyarsa ce kuma ta riƙe sarautar garin. Aikin Tambuwal a tsarin daular shi ne ribaɗi, watau garin tsaro mai kare Gwandu da hanyar Sakkwato, domin ɓallewa ba ta ƙare da Kware ba. Kabawa ba su taɓa sakin jiki da mulkin Gwandu ba. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tsare ɗansa Yakubu Nabame a Sakkwato shekaru masu yawa, da aka sake shi kuwa ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Argungu ta zama cibiyar Kabi mai cin gashin kanta. Wannan ɓallewa ta yi nasara inda ta Abdussalami ta kasa. A 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka amince wa Argungu da 'yancinta, cikin sharuɗɗan kuwa har da cewa kowane ɓangare ya riƙe bayin da ya kama. Sulhun ya karye a 1875, hare-hare suka komo, garuruwan da ke tsakanin Gwandu da Tambuwal da Jega suka zauna cikin ganuwa har zuwan Turawa. 

Akwai wani Buharin kuma, shi ne ɗan Abdussalami. Shi ya tsira daga abin da ya sami mahaifinsa, daga baya ya yi sulhu da Gwandu, aka ba shi izinin kafa gari kusa da tsohon mazaunin mahaifinsa. Garin shi ne Jega, zuriyarsa ke sarautarsa da laƙabin Sarkin Kabin Jega, mutanensa kuwa har yau Gimbanawa ake ce da su. Jega ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular a ƙarni na 19, mahaɗar fataken goro daga Gwanja da na gishiri da tufafi da dawaki, kuma cikin hajar da ake kasawa a cikinta har da bayi. Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Dokar Lugga ta riga ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma waɗanda ke hannun iyayengijinsu an bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu a kotunan alƙalai. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya.